Tab Ɗin da Ba Ya Kwana a Gida

Ku samarin da kuke zuwa rumfata kuna cajin waya kyauta kuna shanye min inuwa, duk abin da kuke faɗa yana dawo min. Wai sana'ar Malam Modu ai ba sana'a ba ce, zama ne a kan benci, mutum ya zo ya nuna kwali, ka miƙa masa. Ɗayanku ma har cewa ya yi ranar da ya samu jari, washegari zai kafa tasa rumfar a gefen tawa. Allah ya ba da sa'a, fili dai ga shi nan. Amma kafin ka sayo katako, gyara zama ka ji yadda tab guda ɗaya ya kusa hana ni sake taka garin Gashuwa.

Ni ba da waya na fara ba, da rediyo na fara, a hannun marigayi Malam Garba, can kusa da tashar jirgin ƙasa ta nan Nguru. Kayan aikinmu duka ba su cika ƙaramin akwati ba: sukundireba, hantsaki, tsohon buroshin haƙori na share ƙura, mita mai allura, sai ƙarfen dalma da ake turawa cikin garwashi. Aikina shi ne hura garwashin nan, kuma na hura shi har gashin baki ya fara fito min. Ƙanwar maigidana, Ya Falmata, ita ke aiko mana da abincin rana, kuma ita ta laƙaba min suna Ɗan Garwashi. Daga baya aure ya kai ta Gashuwa, ta zama babbar dillaliyar bandar kifi. Yau ga furfura a gemuna, amma a bakinta sunan nan bai canza ba.

Rediyon farko da aka bari na taɓa na wani masunci ne daga Dagona. Na zaro sukundireba zan buɗe, sai Malam Garba ya riƙe min hannu, ya dubi mai rediyon ya ce, "A ina yake kwana?" Mutumin ya ce a bukkar bakin ruwa, wani lokaci ma a cikin kwalekwale. Malam Garba ya ce min, "To ka ji ciwonsa. Laima ce. Buɗe ka gani." Na buɗe, ciki duk ya yi tsatsa. Kowane kaya aka kawo, da wannan tambaya yake farawa. Ni kuwa a raina cewa nake tsoho dai da neman hira.

Da waya ta shigo na ajiye rediyo na bi ta, kamar yadda kowa ya yi. Na koyi canza gilashi, gyaran bakin caji, da ceto wayar da ta faɗa miya. Ana cikin haka sai ga shekarar da aka ɗauke mana sabis gaba ɗaya saboda halin tsaro. Wa zai sayi waya a garin da ba a kira? Na wuni ina korar ƙuda daga kan kaya. Abin da ya riƙe gidana a lokacin shi ne tura wa mutane fim da waƙa da karatu a memori. Ni da nake ɗaga hanci ina kiran kaina injiniya, na koma tambayar mutane ko mai ban dariya suke so ko mai sa kuka. A nan na gane ba wanda ke sayen waya don aiki kaɗai. Duk wanda ya rantse maka cewa don aiki ne kawai, ka leƙa shi bayan la'asar.

To shi tab, wato babbar wayar nan mai faɗin allo da 'yan boko ke ce wa kwamfutar hannu, ya fi kowane kaya wuyar zaɓe. Kowa da buƙata biyu yake zuwa, ta aiki da zai faɗa da ƙarfi, da ta nishaɗi da zai faɗa ƙasa-ƙasa. Wani dillalin shanu ya taɓa zuwa daga Machina yana neman wanda zai riƙa ɗaukar hoton dabbobi yana tura wa masu saye. Na ɗauko tab biyu, na ja shi tsakiyar rana na ce ya duba gilashinsu. A na farko bai ga komai ba sai fuskarsa da rawaninsa. A na biyu ya ga rubutu. Na ce to wannan ne naka, don kai a kara kake wuni, ba a ofis ba. Har ya juya zai tafi ya sunkuyo ya ce, "Yana nuna dambe kuwa?" Na ce yana nunawa, sai dai mu ƙara masa memori.

Haka aikin yake. Za ka duba ko yana cin sim, domin akwai waɗanda ba sa ci, kuma wanda ya kai irinsu ƙauye faranti ya saya. Za ka duba batir, ko zai kai yamma a garin da sai an aika caji wurin mai sola. Za ka duba kamarar baya, da girman rubutu ga mai raunin ido, da ko ana samun gilashinsa a Kano idan ya fashe, domin zai fashe. Waɗannan tambayoyi na haddace su tsaf, har na fara jin cewa daga Nguru zuwa Gashuwa ba wanda ya kama ƙafata.

Ina cikin wannan jin kai ne wata rana Ya Falmata ta yi sallama a rumfar nan, ta zauna daidai inda kuke zaune.

"Wushe, Ya Falmata. Yau ke da kanki?"

"Da kaina, Ɗan Garwashi. Matsala ce ta kawo ni."

Ta ce akwai wata Madam daga Kudu da ta daɗe tana kwashe mata kaya. Duk kaka takan zo da kanta, ta karya kifi, ta shinshina, a loda mota. Yanzu gwiwa ta hana ta doguwar hanya, ta ce daga bana direba kawai za ta turo, kuma za ta saya ne a hannun wadda za ta iya nuna mata kifin a waya, tana gani tana tambaya. Akwai kuma wata dillaliyar a layinsu da ɗanta ke da babbar waya, tuni ta fara aika wa Madam gaisuwa safe da yamma.

"Ɗakin ajiyata cike yake har rufi," in ji Ya Falmata. "Ka san banda ba ta jira. In ta daɗe ƙwaro ya shige ta, sai dai a share gari. Ƙaramar wayata ba ta nuna hoto. Ta jikokina kuwa in na danna abu ɗaya biyu ke amsawa, ga ido ya tafi. Ka nemo min mai faɗi." Sai ta rage murya. "In da hali kuma, wanda zan ɗan riƙa kallon fim in na taso daga wurin hayaƙi. Tun da nake ban taɓa kallon ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba."

Na ce ta ɗauka an gama. Matar da ta ciyar da ni ina yaro, ai ba zan ba ta abin da za a raina ba. Na sa aka kawo min mafi girma daga Kano, bayansa ruwan gwal, yana cin sim, batir kamar na mota, rubutu manya-manya, sifikarsa kuwa in ka ƙure ta sai an ji a bakin titi. Duk tambayoyina ya amsa su. In faɗa muku gaskiya ma, shi ne wanda ni kaina na daɗe ina haɗiye wa yawu. Na cika masa memori da fim da wa'azi, na sa shaddata mai kyau, na kai mata har Gashuwa da kaina.

Da na je, maimakon in shiga da shi ɗaki in koya mata a natse, sai na kafa shi a kan turmi a tsakar gida, na kunna fim, na ƙure murya. So nake a san Ɗan Garwashi ya zama wani abu. Kafin a gama rubutun farkon fim yara sun cika zaure, matan maƙwabta na shigowa da goyo, wasu na leƙe ta katanga. Ni kuma ina tsaye ina gyara hula, ina jin duk ni ake kallo. Na koya mata yadda ake amsa kira da yadda ake juya kamara, ta kama nan da nan, na komo Nguru ina yaba wa kaina.

Abin da na mance shi ne ko wace ce Ya Falmata a unguwarsu. Ita ce mai babbar tukunya, ita ce mai tabarmi da manyan kwanuka. Duk mai suna ko biki ko rasuwa gidanta yake aikowa, kuma ba a taɓa jin ta ce babu ba. Kun dai san halinmu, babban abu in ya shigo gida na unguwa ne. Ni kuma na ɗauko tab mafi girma a Kano, na yi masa shela, na ajiye shi a gefen tukunyar aro.

Ba a daɗe ba, ranar kasuwar Gashuwa, ina shimfiɗa kayana a teburin da nake kafawa can, sai na ga Ya Falmata tsaye a kaina. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Ɗan Garwashi, faifan nan naka yana Dagona."

"Me ya kai shi Dagona?"

"Abin da ke kai tukunya."

Ashe tun da na kai shi bai yi kwana biyu a jere a gidanta ba. Wannan karon kuma Iya Gambo ce ta aiko, uwar mijin 'yarta, ana suna a gidansu, a ba da tukunya da tabarmi da abin kallon nan. Madam kuwa ta samu mota da wuri, ta kira da safiyar nan ba zato. Matan suna suka amsa. Ta ga fatar rago a shanye, ta ga fuskoki na layi suna yi mata sannu. Sai ta kira ƙaramar wayar Ya Falmata ranta a ɓace, da 'yar Hausarta ta ce, "Falmata, kifi na ce, ba rago ba." Ta ce za ta sake kira sau ɗaya in an sauko daga sallar azahar. In ba ta ga kifi ba, direba zai wuce ɗakin waccan dillaliyar.

Na ce, "To ki aika a karɓo mana."

Ta yi min wani kallo da ta saba yi min tun ina hura garwashi. "In aika gidan surukai ranar suna in ce a ba ni kayana? Da wane bakin? Gara kifin ya zama gari."

Na bugi ƙirji na ce ni dai ba surukaina ba ne, ta bar ni da su. Na bar wa maƙwabcina teburi, na rataya jakar aiki, na haye acaɓa. Duk tsawon hanya ina tsara maganar da zan yi, gajeriya, ba wasa a ciki.

Ina isa ƙofar gidan na gaisa da maza na ce ni ne mai tab ɗin nan. Sai wuri ya kaure da murna. "Allah ne ya kawo ka, tun ɗazu yake kukan caji." Kafin in buɗe baki an shimfiɗa min tabarma a zaure, an dire min kwanon shinkafa da kifi. Aka fito da tab, gilashinsa duk shatin yatsu da mai. Iya Gambo ta biyo shi tana dogara sanda, ta zauna a bakin ƙofa.

"Kai ne ka kawo wa Falmata wannan abu?"

"Ni ne, Iya."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Ɗakin Allah da idona ba sai jiya, a cikin abin nan. Na ce yau ma bayan an watse a sake nuna min."

To ku da kuke cewa aikin ba wuya, ku faɗa min abin da za ku ce wa tsohuwar nan. Maganar da na tsaro tun daga Gashuwa ta bi iska. Na ciro ƙyalle na goge musu gilashi, na jona musu fawa-bank ɗina, har na nuna wa wata yadda ake ƙara haske. Ni da na zo ƙwace, na ɓige da yi musu gyara kyauta, kuma shinkafar ma na ci. Abu ɗaya kawai hannuna ya yi min da bakina ya kasa. Ina cikin juya shi na sa tsinke na zare sim ɗin na jefa aljihu. Fim da wa'azi duk a memori suke, ba wanda ya lura. Na yi musu Allah ya raya, na bar musu fawa-bank ɗin, na fito.

Sai da muka hau titi na tambayi kaina, to sim ɗin a cikin me zan sa shi? Ba ni da wani tab a kan teburi ranar, wayata kuwa kamararta ta daɗe da yin hazo, irin ta mai gyara da ba ya gyara tasa. Abin da ke cikin jakata kawai shi ne tsohon tab ɗin da nake gwada caja da shi. Ƙarami ne, gilashinsa ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan, bayansa salatif ne ke riƙe da shi, sifika ta mutu, ba ya magana sai an sa iyafis. Kamarar baya ce kaɗai Allah ya bar masa da lafiya.

A ɗakin ajiyar kifi na zauna na sa sim, na shiga buɗe manhajar kiran bidiyo da lambarta a kansa, sabis na tafiyar hawainiya. Aka kira azahar ban gama ba. Sallar da na yi ranar, Allah dai ya karɓa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Ga kwalaye jibge har rufi, wahalar kaka guda, ga matar da ta ciyar da ni zaune ta zuba min ido. Ina dawowa daga masallaci abin ya hau, ko zama ban yi ba kira ya shigo.

Ya Falmata ta cusa iyafis ƙarƙashin ɗankwali, ni na riƙe tab. Ta ɗauko tarwaɗa ta karya a gaban kamara, ta ba da sautin nan na kifin da ya bushe sosai. Madam ta ce a nuna mata na ƙasan kwali, aka zazzage. Ta ce na kwalin can na lungu. Na kutsa da rarrafe cikin shaddata, ina haska nan ina haska can, hula ta faɗi ban ma sani ba. Can Ya Falmata ta gama saurare, sannan ta ce, "To Madam, a turo direban." Ta zauna a kan kwali ta ce alhamdu lillahi, ta sake faɗa. Ni kuwa a ƙasa na zauna. Warin banda bai bar shaddar nan ba har ta tsufa.

Da na huta na miƙa hannu zan ɗauki tsohon tab ɗina, sai ta riga ni, ta soke shi a hammata.

"Ina za ka da shi?"

"Haba Ya Falmata, wannan ai juji ne. Gobe a dawo miki da naki."

"Wannan nake so. Wa zai aiko aron wannan? Ko an aiko, in na ce a fashe yake ban yi ƙarya ba. Ga shi ba ya magana sai a kunnena." Ta dube ni. "Da Yaya Garba yana raye, me zai fara tambaya kafin ya zaɓar min?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A ina zai kwana."

"To kai ka tambaya?"

Ban tambaya ba. Na tambayi sim, na tambayi batir, na tambayi kamara, na bar tambayar tsohon da nake ce wa mai neman hira. Ta ce in babban ya dawo daga Dagona in ɗauka, mun yi musaya. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ta ce ta kalli fim daga farko har ƙarshe, ita kaɗai, ba wanda ya ce ta matsa. Na ce yaya ta gani? Ta ce ashe ma ƙarshen ba daɗi, amma dai ta gani da idonta. Har yau da shi take ciniki da Madam, na canza masa salatif ya fi a ƙirga, gilashin kuwa ta hana ni taɓawa.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo sayen tab, kafin sim, kafin batir, tambayata ta farko ita ce a ina zai kwana, kuma wa zai iya aiko aronsa ka kasa hanawa. Wasu su yi dariya, wasu su nuna ƙarami baƙi wanda ke shiga aljihun riga. Ribarsa ba ta kai ta babba ba, amma ba wanda ya taɓa dawo min da kuka.

Na ga kuna waige-waige kuna neman mai ruwan gwal ɗin. To, an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, kuma na yi niyya. Na naɗe shi a cikin tsumma na taho da shi Nguru, da shirin in riƙa duba hotunan injin waya a kansa da safe, in kalli ƙwallo da yamma, ba wanda zai san yana gidan. Ina shiga na ce bari dai in ɗan nuna wa maiɗakina yadda muryarsa take, sau ɗaya tak. Ban san yayarta ta zo daga Machina tana cikin ɗaki ba.

Ban taɓa duba hoton inji ko ɗaya a kansa ba, ƙwallo kuwa har yau a gidan kallo nake kallonta tare da ku. Rabona da shi tun kafin azumi, an ce ana biki. In akwai mai bi ta Machina a cikinku, don Allah ya gaishe min da shi.